Daga Zaure Zuwa Falo: Yadda Kaduna Ta Zaunar da Saurayi Cin Tuwon Sallah a Gidan Surukai

A Kaduna ta yau, a unguwanni irin su Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Dosa da Badarawa, ba ya zama abin magana idan aka ce wa saurayin da aka sa wa rana ya zo gidan su yarinyar ranar Sallah, ko washegari, ya ci abinci. Za a shigar da shi falo, uban yarinya na zaune, uwar na leƙowa daga kicin, a jera kuloli a kan tebur, a ce masa bismillah. Da za a ta da kakan wannan saurayi a nuna masa jikansa da loma a hannu gaban mutumin da zai ba shi 'ya, da tambayarsa ta farko ita ce wa ya yi tarbiyyar yaron. Tsakanin kakan da jikan bai wuce shekara 70 ba. Addininsu ɗaya, harshensu ɗaya, tuwon ma kusan ɗaya ne. Abin da ya shiga tsakaninsu gari ne, kuma garin nan Kaduna ne.

A tsohon tsarin Hausa, surukuta dangantakar kunya ce, kuma kunyar tana farawa tun kafin a ɗaura aure. Daga ranar da magabatan yaro suka kai gaisuwa, uban yarinya da uwarta sun zama mutanen da ba a haɗa ido da su. In ya hango surukinsa a hanya, ko dai ya ratse, ko ya tuɓe takalmi ya tsuguna tun daga nesa. Ba ya kiran sunansa, har wanda ya ci sunan ma sai a laƙaba masa wani. Cin abinci kuwa shi ne ƙololuwar abin da ba a yi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tashi a cikin al'adar: ci yana tona buƙatar ɗan Adam. Mai cin abinci yana buɗe baki, yana tauna, yana nuna yunwa, wataƙila ma ya ƙware. Mutumin da ya zo roƙon 'yar wani yana so a gan shi a matsayin wanda zai ciyar, ba wanda ake ciyarwa ba. Fulani, waɗanda suka cuɗanya da Hausawa a fada da kasuwa da ɗakin aure, sun fi tsanantawa. Abin da suke kira semteende ya hana mutum cin abinci ko shan ruwa a gaban surukai, kamar yadda Paul Riesman ya bayyana a nazarinsa na Fulanin Jelgoji a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu suna da hlonipha, inda matar aure ke kauce wa furta ko da gaɓoɓin sunan surukinta. A 1940 masanin halayyar al'umma Radcliffe-Brown ya yi wani bayani da ya dace da mu ƙwarai. A ganinsa aure yana haɗa gidaje biyu da ke buƙatar juna amma kowanne da inda ya sa gaba, kuma al'ummomi sun gano hanya biyu ta hana su karo: ko a sa nisa da girmamawa mai tsanani, ko a sa wasa da ba'a da ba a jin haushinsu. Bahaushe ya ɗauki duka biyun ya raba su bisa tsara. Iyayen yarinya na kunya ne. Kakarta kuwa abokiyar wasa ce, ita ce za ta ce da saurayi "mijin nawa, yau kuma da me ka zo mini?", ta kushe hularsa, ta ce ya rame. Ƙannen yarinyar su ma suna da haƙƙin tsokana da na barka da Sallah. Saboda haka ko a da saurayi yana iya cin wani abu a gidan su budurwarsa, amma a zaure, shi da abokinsa, ƙanin yarinyar ne ya kawo, kuma mutunci ya ce a taɓa kaɗan a mayar da murfi.

To ranar Sallah fa? Abincin ne ke tafiya, mutum yana zaune a gidansu. Wannan shi ne ginshiƙin tsohon tsari, kuma yana da kyau a tsaya a dube shi, don an fi tuna shi da daɗin baki fiye da aikin da yake yi. Tun cikin azumi saurayi ya aika da kayan shan ruwa. Sallah na ƙaratowa ya kai toshi: turmin atamfa, kuɗin ɗinki, kuɗin kitso da na ƙunshi, da goron iyaye. Ranar idi, bayan an sauko, sai yara su fito daga gidan su yarinyar ɗauke da kwanuka a ka, tuwon shinkafa da miyar taushe, waina ko funkaso, wani lokaci da alkaki da nakiya, su nufi gidan su saurayi. Uwarsa ce ke buɗe kwanon, ba shi ba. Ita da kishiyoyinta da ƙannen mijinta za su duba tuƙin tuwon, su ɗanɗana miyar, su ƙirga tsokar nama, su lura da ko kwanon sabo ne ko na aro. Daga nan a ba yaran tukuici, kuma yawan tukuicin amsa ce da za a karanta a can gidan. Da Babbar Sallah nama ne ke yin wannan zirga-zirga, kuma kowa ya san bambancin a aiko maka da cinya da a aiko maka da tarkace. Gida biyu sun yi doguwar magana a kan arziki da tsafta da yadda kowa ya ɗauki ɗan'uwansa, ba tare da babba ko ɗaya ya taka ƙofar wani ba.

Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga duniyar da wannan tsari ya fito: aure jerin kyaututtuka ne da ramuwarsu, kowanne da sunansa da mai kai shi da lokacinsa. Barbara Cooper ta tarar da irin wannan a Maraɗi, inda kayan aure ke auna yawan mutanen da mace ta tara a bayanta. Enid Schildkrout kuma, da ta yi aiki a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matan kulle, su ke kai saƙo da abinci da kuɗi tsakanin gidaje. Idan aka haɗa ukun za a ga abin da tsarin ke buƙata kafin ya yi aiki: gidajen biyu su kasance kusa yadda yaro zai kai tuwo bai huce ba, a sami zaure da zai tsayar da baƙo namiji, sannan, mafi muhimmanci, gidajen su riga sun san juna tun kaka da kakanni. Kwano yana ƙara bayani ne a kan abin da aka sani. Ba a aika shi don a gano ko su wane ne mutanen.

Kaduna ta rushe sharuɗɗan uku, kuma ba da niyya ba.

Garin ba shi da ganuwa, ba shi da tsohuwar fada. Turawa ne suka zaɓi wurin, a ƙasar Gbagyi, saboda ruwan kogi da layin dogo da ya wuce ta nan zuwa Kano a 1911. Sojojin rundunar Afirka ta Yamma suka fara sauka, sannan a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Waɗanda suka cika garin a farko sojoji ne, da leburorin jirgin ƙasa, da akawuna daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo, da kukun Turawa da masinjoji, da 'yan kasuwar da suka biyo su. Sunayen unguwannin ma shaida ne: Tudun Nupawa, Unguwar Kanawa, Kabala Costain da ta ci sunan kamfanin gine-gine. A bakin mutanen Zariya da Kano da Katsina, irin wannan wuri sunansa bariki, kuma kalmar ba yabo ba ce. Ɗan bariki shi ne wanda ya fita daga idon dangi. Shekaru da yawa mutumin kirki yana aiki a Kaduna ne, amma aure da Sallah da mutuwa a gida ake yin su. Har yau hawan Sallah na masarautar da Kaduna ke cikinta a Zariya ake yin sa, kimanin kilomita 80 daga nan. Manyan hawan da Kaduna ta gani, na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da na bikin al'adun baƙar fata a 1977, dawakai da mahayansu duk kawo su aka yi daga masarautu, aka gama suka koma.

Sauyin ya zo ne da shekarun 1950. Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya a 1954, gwamnatinsa ta dage kan cike ma'aikatu da 'yan Arewa, sai ga samari daga Sakkwato da Borno da Adamawa da Ilori da Bida da Kabba da Binuwai suna gadon kujerun Turawa, tare da gidajensu. A ƙetaren kogi kuma masaƙar Kaduna ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, suka jawo dubban ma'aikata. Makarantar horon hafsoshi ta zo a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Kowane ɗaya ya kawo mutanen da ba su da kaka a garin.

A dubi gidan da babban ma'aikaci ya gada. Bature ya gina shi don iyalin Bature: baranda, falo, gefen cin abinci da tebur da kujeru shida, kicin a ciki, ɗakunan barori a baya. Babu zaure, babu soro, babu shigifa. Ƙofar da baƙo zai ƙwanƙwasa ita ce ke buɗewa kai tsaye cikin wurin zaman iyali. Gidajen ƙananan ma'aikata da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da aka gina daga baya a Malali da Unguwar Rimi su ma haka suke a ƙaramin sifa, kuma wanda ya kama hayar ciki da falo a Abakpa ko Unguwar Shanu bai ma kai nan ba. Tsohon gidan Hausa yana tace baƙi mataki-mataki, kowa da inda zai tsaya gwargwadon kusancinsa. Sabon gidan matsayi biyu kawai ya sani, waje da ciki. Da 'ya'yan waɗannan ma'aikata suka isa zance, uba ya sami kansa da zaɓi biyu: ko 'yarsa ta tsaya da saurayi a bakin titi, jikin mota, cikin duhu, ko saurayin ya shigo falo. Da yawa sun ga na biyun ya fi mutunci. Wanda kuwa ya shigo falo ranar Sallah, ana ta kai da kawo da faranti, ba yadda za a yi a hana shi abinci, shi ma ba yadda zai yi ya ƙi har abada.

Amma gini shi kaɗai bai isa ya bayyana abin ba. Babban dalili, a ganina, shi ne matsalar bincike. A Zariya ko Katsina, idan aka ce ɗan gidan wane ne ke nema, an gama rabin magana: an san sana'ar gidan, an san ko suna riƙe mata, an san ciwon da ke bin jininsu, an san wanda ya taɓa jawo musu abin kunya shekara 40 da suka wuce. A Kaduna uban yaro Bakatsine ne da ke ma'aikatar ayyuka, uban yarinya Banufe ne ko Babarbare da ke gidan rediyo, sun haɗu ne a sahun masallaci ko a layin biyan kuɗin makaranta. Ana iya tura mutum garinsu ya yi tambaya, kuma ana yi, amma abin da zai dawo da shi labarin kakanni ne, alhali yaron a Kaduna aka haife shi, garin nasu sai da Sallah yake ganinsa, in ma yana zuwa. Asali ya daina ba da labarin hali. Sai ya zama dole a dubi yaron da kansa, kuma babu inda ake ganin mutum kamar gaban abinci. Ya wanke hannu? Ya jira babba ya fara? Ya yi wa yarinyar da ta kawo ruwa sannu, ko ya ɗauke ta 'yar aiki ya share? Da aka kira sallah, ya miƙe ko sai da aka tuna masa? Abin da ya sa kakanni suka hana ci a gaban surukai, wato cewa ci yana tona mutum, shi ne daidai abin da ya sa iyayen Kaduna suka fara gayyata.

Akwai kuma maƙwabta. Kafin 2000, Musulmi da Kirista suna zaune gida ɗaya a Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi da Kakuri, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da Sallah tuwo da nama su shiga ɗakin Kirista, da Kirsimeti shinkafa da kaza su dawo, kuma gidaje da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu dabbar don kowa ya iya ci. Yaran Hausawa da suka tashi a nan sun ga yadda Bayarabe ke kwanciya ya gai da surukinsa sannan ya tashi su ci abinci tare suna hira, sun ga yadda mutanen kudancin jihar ke kai wadda za su aura ƙauye da Kirsimeti a nuna ta ga dangi. Ba wanda ya zauna ya ce a kwaikwaya. Abin da ido ya saba gani ne yake daina zama abin kunya.

Ta ɓangaren da ba a zata ba ma an sami ƙarin ƙarfi, wato wa'azi. Kaduna ce mazaunin Jama'atu Nasril Islam tun kafa ta a 1962, kuma daga masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki ne Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsirin da Rediyon Kaduna ke kai wa ko'ina a Arewa. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta ɗauki tace al'ada da ma'aunin sunna a matsayin aikinta, kuma cikin abubuwan da ta soka har da durƙusawa a gaida mutum da yawan kashe-kashen kuɗin aure. Ko wanda bai taɓa shiga ƙungiyar ba ya ji hujjar: Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar surukan Annabi (SAW) ne, shi kuma surukin Sayyidina Usman da Sayyidina Ali ne, kuma ba a ruwaito suna sauya hanya don gudun haɗuwa ba, su ne ma mafi kusa da shi. Shari'a ta yarda mai neman aure ya ga wadda yake nema, ta hana su keɓewa. Idan aka ɗora waɗannan biyu a kan gidan da ba shi da zaure, amsar da ke fitowa ita ce falo, a gaban iyaye. Abin dariya ne kaɗan a ce teburin da Bature ya bari da wa'azin da ya fi kowa ƙyamar kwaikwayon Bature sun tura saurayi kujera ɗaya, amma haka tarihin ya zo.

Sai rikicin Fabrairun 2000 a kan batun shari'a, da wanda ya biyo a Mayu, da na Nuwamban 2002 da ya faɗo cikin azumi, da na bayan zaɓen 2011. An rasa rayuka masu yawa, kuma waɗanda suka tsira suka kwashe kaya. Musulmi suka tattaru a arewacin kogi da yammacin gari, Kawo da Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Babbar Sallar 2000 ta zo ne a tsakiyar Maris, makonni uku bayan rikicin farko, Ƙaramar Sallah kuma ta zo a makon Kirsimeti na wannan shekarar. A wata shekarar da kwanuka sun yi ta karo da juna a tsakar gida. A wannan, maƙwabcin da za a kai wa ya riga ya ƙetare gada. Yarjejeniyar zaman lafiya da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a Agustan 2002, da aikin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, sun taimaka wajen kwantar da gari, amma ba su mayar da kowa tsohon ɗakinsa ba. Ga batunmu, sakamakon biyu ne. Na farko, matashin da aka haifa a Kawo bayan 2000 yana iya girma bai taɓa cin shinkafar Kirsimeti ba. Na biyu, iyalan da aure ya riga ya haɗa addinai biyu a cikinsu, kuma a Kaduna suna da yawa, abincin biki ya zama musu tafiya da ake shiryawa, a duba yanayin gari, a dawo kafin magariba. Saurayin da uwar budurwarsa ke da 'yan'uwa a Barnawa ko Kafanchan zai gane cewa gayyatar da aka yi masa tana da tambaya a ƙunshe: zai iya zama da wannan ɓangaren na danginta, ko zai nemi ya yanke ta daga gare su?

Duk abin da aka faɗa zuwa nan labarin namiji ne. Na mace ya fi nauyi, kuma ya fi jinkirin sauyawa. A da budurwa ba ta taka gidan su saurayi sam. In ta hango uwarsa a gidan biki sai ta ja mayafi ta ɓuya bayan ƙawaye. Ranar da za ta shiga gidan a lulluɓe za a kai ta, sai an yi buɗar kai a ga fuskarta, sai an sayi baki ta yi magana, sai ta yi kwanaki kafin ta karɓi girki. Yau a Kaduna ana ganin yarinya ta je gaida Hajiya da yawon Sallah, da rakiyar ƙawa ko ƙanwa, da leda a hannu. Tarkon da ke jiranta ya fi na saurayi ƙunci. In ta zauna aka kawo mata abinci ta ci sosai, a ce ba ta da kunya. In ta ƙi ci, a ce girman kai, ko tana ƙyamar girkin gidan. In ta miƙe ta shiga kicin ta kama wanke-wanke, wata gwaggo za ta ce tun ba a kawo ta ba ta fara neman fada. In ba ta miƙe ba, a ce 'yar hutu ce. Likita ce ko lauya, ba ya cire ta daga wannan awo. Kuma idan maganar auren ta lalace, saurayin da ya ci tuwo a gidan su yarinya ya ci bulus, ita kuwa za a daɗe ana cewa ai har gidansu take zuwa. Tsohon tsari, duk da tsaurinsa, ya tanadi hanyar janyewa ba tare da kowa ya zubar da mutunci ba: kwano ya daina zuwa, shi ke nan, kowa ya fahimta. Shi ya sa nake ganin gidajen da ba sa gayyata, ba sa kuma barin 'yarsu ta je, sai an kai gaisuwar iyaye an sa rana, ba ƙauyanci ke damunsu ba. Sun san a kan wa asarar ke faɗawa.

Kada kuma a ɗauka duk Kaduna ta koma falo. Wannan al'ada ce ta masu falo. A Rigasa da Hayin Banki da lungunan Tudun Wada, inda aka yi gini irin na gida da ɗan zaure ko dakali a ƙofa, yara na nan suna ratsa layi da kwano ranar Sallah, sai dai langa da samira sun ba kula wuri, wani lokaci ma ɗan acaba ko mai Keke Napep ne ɗan aiken, toshi kuma ya koma kuɗin da ake turawa ta waya. Inda abin ke da zafi shi ne inda duniyoyin biyu suka haɗu. Yaron da ya tashi a Rigasa, ya yi karatu a Kaduna Polytechnic ko Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami aiki mai kyau, ya nemi 'yar wani tsohon babban sakatare a Unguwar Rimi, zai zauna gaban cokula uku da wuƙa, alhali tarbiyyar da ya samu ta ce ko ruwa kada ya sha a nan. Idan ya noƙe, masu gida za su karanta shi a matsayin rashin wayewa. Abin da yake yi kuwa shi ne mafi girman ladabin da uwarsa ta koya masa. Akasin haka ma na faruwa: ɗan Malali ya je gidan malamin zaure a Unguwar Mu'azu, ya miƙa wa uban yarinya hannu, ya buɗe kwano ya cinye, ya fita yana ganin ya burge. Aure nawa ne ya mutu a nan tun ba a ɗaura ba, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne bai da tarbiyya?

Kunyar dai ba ta mutu ba, ta ƙaura ne daga tambayar ko za a ci zuwa tambayar yadda za a ci. Wanda ya halarci irin wannan zama ya san yadda yake gudana. Saurayi ba ya zuwa shi kaɗai, da aboki yake tafe, kuma abokin ne ke ɗaukar nauyin hira da mafi yawan cin. Yakan zame daga kujera ya zauna a kan kafet, a ce masa ya hau, ya ce nan ma ya isa.

"Bismillah mana, ai nan ma gida ne."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe muke."

"A'a, ba a ƙoshi da abincin Sallah. Ku zuba musu."

Sai an yi haka sau biyu ko uku. Uban da ya san ya kamata yakan ɗan taɓa abincin, ya yi tambaya biyu a kan aiki da lafiyar mahaifan yaro, sannan ya tuna cewa akwai wanda zai je yi wa barka da Sallah, ya fice. Wannan fita ita ce zauren da magini bai gina ba. Da ya bar falon ƙannen yarinya za su shigo, kaka ta aiko a ce mijinta ya zo ya gaishe ta da abin hannunsa, a nan ne ake cin abincin gaske. Uwar yarinya kuwa a gidaje da yawa har yanzu ba ta zama. Daga bakin ƙofa take amsa gaisuwa, ta koma, amma babu abin da ya wuce ta, kuma faranti in ya koma kicin ita ke duba abin da aka rage.

Idan baƙin sun tashi tafiya, sai a biyo su mota da kula biyu ko uku, da ledar cincin da dambun nama, a ce a kai wa Hajiya. Uwar saurayi ce za ta buɗe su a can gida, ita da 'yan'uwanta, su duba tuƙin tuwon su ɗanɗana miyar. Bayan kwana biyu ƙanin saurayin zai mayar da kulolin a wanke, da turare ko sabulu ko turmin atamfa a ciki, shi ma a ba shi tukuici.